Tsoro da Masu Maganinsa a Hanyar Jibiya zuwa Maraɗi: Sharhi a kan Littafin Barbara Cooper

Gabatarwa

A shekarar 2006 maɗaba'ar Jami'ar Indiyana ta Amurka ta buga littafin Barbara M. Cooper mai suna Evangelical Christians in the Muslim Sahel, wanda ya bibiyi tarihin Kiristoci masu bishara a ƙasar Maraɗi. Marubuciyar masaniyar tarihi ce da ta koyar a Jami'ar Rutgers, kuma ba baƙuwa ba ce a garin, domin tun 1997 ta fitar da littafi a kan aure a Maraɗi. Littafin da ake magana a kansa ya sami lambar yabo ta Herskovits a 2007, wadda a lokacin ake bai wa fitaccen littafin shekara a fagen nazarin Afirka. Duk da haka bai yaɗu a hannun ɗaliban addinin Musulunci na ƙasar Hausa ba, alhali a ƙofar gidansu aka rubuta shi.

Wannan sharhi zai ɗauki zare ɗaya daga cikin zaruruwan littafin: da'awar cewa imani da Almasihu yana kuɓutar da mutum daga tsoron iskoki da ɗaurin ruhi. Abin da sharhin ke son tabbatarwa shi ne, ƙarfin wannan da'awa ya fi dogara ga sauraron mai tsoro da tsayawa kusa da shi fiye da dogaro ga hujjar tauhidi, kuma giɓin da take shiga ta cikinsa giɓi ne da Musulmi suka bari a aikace, duk da cewa littattafansu sun cike shi tun da daɗewa.

Hanya Ɗaya, Ƙasa Biyu

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa littafin da aka rubuta a kan Nijar da mutanen Jibiya. Amsar tana kan titin da ya tashi daga Katsina ya bi ta Magama da ke Jibiya, ya ƙetara iyaka zuwa Ɗan Isa, ya zarce Maraɗi. Wannan titi ya girmi iyakar da Ingila da Faransa suka shata. Bayan da mujahidai suka ci Katsina a wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya koma arewa ya kafu a Maraɗi, har yau kuwa Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar garin. Gobirawa su ma suka kafa Tsibiri a kusa da shi. Tare da sarauta aka tafi da wasu al'adun da gyaran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yaƙa a kudu, ciki har da bori, wanda a Maraɗi yake ƙarƙashin Iya, a Gobir kuma ƙarƙashin Inna. Saboda haka bakin mutane ya daɗe yana danganta ƙwararrun 'yan bori da wancan gefen iyaka, kuma mai neman girka ko maganin sammu ya san hanyar kamar yadda fatake suka san ta.

A yau wani tsoron ya hau kan na da. Ƙaramar hukumar Jibiya na cikin waɗanda 'yan bindiga suka fi addaba da kisa da garkuwa da mutane, har ƙauyuka suka watse zuwa cikin gari, wasu dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi. An rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Garin da ke cin abinci daga kai-da-kawon kaya, in an toshe hanyarsa, yunwa ce ke fara sallama. Macen da aka sace mijinta, ta sayar da gona ta biya kuɗin fansa, ga yaro yana firgita cikin dare, ba ta rarrabe tsakanin tsoron bindiga da tsoron iska. Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama. A irin wannan yanayi ne ya kamata a karanta littafin Cooper.

Abin da Littafin Ya Ƙunsa

Ƙashin bayan littafin shi ne tarihin ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta faro da zuwan Rowland Bingham da abokansa biyu Legas a 1893. Ƙungiyar ta shiga Nijar ta Damagaram a 1924, daga baya ta kafa tashoshi a Tsibiri da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, da wurin jinyar kutare a Danja. Cooper ta dogara ga takardun mishan da na Turawan Faransa da kuma hira da Kiristoci Hausawa. Ta nuna yadda 'yan mishan ɗin suka fifita wa'azi a kan ilmin boko, abin da ya haifar da saɓani tsakaninsu da mabiyan da suka samu, waɗanda ke son makaranta da aiki da faɗa a ji a cikin majami'arsu.

Wurare biyu a littafin sun fi shafar batun wannan sharhi. Na farko shi ne bayaninta a kan harshe. Cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ta fito a 1932, kuma masu fassarar sun tarar da harshen da Musulunci ya riga ya jiƙa. Allah, annabi, mala'ika, Shaiɗan, aljannu, zunubi, tuba, duk kalmomi ne da suka shigo Hausa ta bakin malamai, kuma da su Kiristan Bahaushe yake bayyana addininsa. Na biyu shi ne babin da ta buɗe littafin da shi, a kan tarzomar Maraɗi ta Nuwamba 2000, wadda ta tashi saboda bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya kusa da Yamai. Masu zanga-zanga sun afka wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu, suka afka wa gidan Iya, suka kuma afka wa majami'ar Vie Abondante, wadda ke bin tafarkin Fentikos, take kuma wa'azi da Hausa a rediyo. Basirar Cooper a nan ita ce ta lura cewa masu gyaran aƙida daga Musulmi da 'yan Fentikos daga Kirista suna kallon bori da ido ɗaya, suna kuma takara a kan zukata ɗaya.

Asalin Da'awar Kuɓuta daga Tsoro

Adalci ya wajabta a faɗi da'awar yadda masu ita ke faɗarta. A Sabon Alkawari, sura ta 5 ta Markus ta kawo labarin wani mutum da aljannu suka mallake shi yana kwana a makabarta, har Almasihu ya fitar da su daga jikinsa. Sura ta 8 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ta bambanta ruhun bauta mai jefa tsoro da matsayin ɗa a gidan uba. Sura ta 2 ta Ibraniyawa ta siffanta mutane a matsayin bayin tsoron mutuwa waɗanda mutuwar Almasihu ta 'yanta. A kan waɗannan nassoshi ake gina shaidar da sabon tuba ke bayarwa a gaban taro: da yana ɗaure da laya da guru, ba ya barci, sai ya karɓi Yesu, ya ƙona kayan tsafi, ya sami salama.

Yadda aka mai da wannan da'awa dabarar kira ga Musulmi yana da nasa tarihin, wanda ya kamata ɗalibi ya sani. A 1920 Samuel Zwemer ya buga littafi a kan tasirin tsafi a cikin Musulunci, inda ya tattara al'adun laya da kambun baka da tsoron aljannu ya jingina su ga addinin. A 1982 Paul Hiebert, wanda ya yi aikin mishan a Indiya, ya rubuta maƙalar da ta shahara a makarantun bishara, yana zargin 'yan mishan na Yamma da cewa sun san maganar Allah da lahira, sun san maganar kimiyya, amma sun tsallake abin da ke tsakani, wato duniyar iskoki da maita da mafarki inda talaka ke rayuwa. A 1989 Bill Musk ya fitar da The Unseen Face of Islam, yana kira ga masu bishara su rage musu da malamai su fuskanci tsoron talakawan Musulmi. A wannan shekara kuma Charles Kraft ya buga Christianity with Power. Masu nazarin harshe sun san Kraft da littattafan koyar da Hausa, amma kafin nan ya yi aikin mishan a cikin Higi a arewa maso gabashin Najeriya, daga baya ya koyar a makarantar tauhidi ta Fuller a Kaliforniya, ya zama jigo a koyarwar yaƙi da miyagun ruhohi. Ke nan wani ɓangare na wannan dabara a ƙasar nan aka koyo shi.

Auna Da'awar

Akwai abin da masu wannan da'awa suka gane daidai. Tsoron gaskiya ne, kuma mai shi yana bukatar wanda zai zauna da shi. Littafin Shobana Shankar na 2014, Who Shall Enter Paradise?, wanda ya dubi gefen Najeriya, ya nuna yadda a shekarun 1930 hukumomin en'e na Kano da Katsina da Sakkwato suka yarda 'yan SIM su gudanar da wuraren jinyar kutare, wato Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Waɗanda suka ratsa waɗannan wurare galibi mutane ne da jama'a ta ture gefe: majinyata da marayu da baƙi. Wanda danginsa suka keɓe masa ƙwarya, sai ga baƙo yana wanke masa gyambo, ba abin mamaki ba ne in ya saurari abin da baƙon ke faɗa game da Allah. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Amma da'awar tana da rauni ta fuska biyu. Na farko, binciken Turawa da kansu ya nuna cewa wa'azin kuɓutarwa yakan raya abin da ya zo kashewa. Birgit Meyer, a littafinta na 1999 mai suna Translating the Devil, ta nuna yadda 'yan mishan a cikin Ewe na Gana suka mai da gumakan gargajiya rundunar Shaiɗan, sai gumakan suka sami sabon mazauni a cikin majami'a, mabiya suka ci gaba da jin tsoronsu da sabon suna. Inda ake fitar da aljani kowane mako, dole a samu aljani kowane mako. Rashin haihuwa da karayar jari da faɗuwa jarrabawa duk sai su zama alamun ɗauri daga kakanni, mai bi ya riƙa komawa wurin mai addu'a kamar yadda ya saba komawa wurin boka. Wannan suka ce da Kiristoci da yawa daga tsofaffin majami'u suke yi wa 'yan'uwansu, kuma ba ta shafi duk Kirista ba.

Na biyu, tun daga Zwemer ake ɗora tsoron aljannu a wuyan Musulunci, alhali Alƙur'ani ya zo ne yana warware shi. Aya ta 6 ta Suratul Jinni ta ba da labarin mazajen da ke neman tsari da aljannu, sai hakan ya ƙara musu wahala. Ibn Kasir da sauran malaman tafsiri sun bayyana cewa Balaraben jahiliyya in ya sauka a wani kwari yakan nemi tsarin shugaban aljannun wurin, su kuma da suka ga ana tsoronsu sai suka ƙara ƙaimi. Aya ta 99 da ta 100 na Suratun Nahli sun kore wa Shaiɗan iko a kan muminai masu tawakkali, aya ta 22 ta Suratu Ibrahim ta nuna shi ranar ƙiyama yana iƙirarin cewa kira kawai ya yi aka amsa masa, aya ta 175 ta Ali Imrana kuma ta bayyana tsoratarwa a matsayin sana'arsa. Wasiyyar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ga Ibn Abbas, wadda ita ce hadisi na 19 a Arba'una ta Nawawi da yara ke haddacewa a Islamiyya, ta koyar da cewa taron halitta duka ba ya cutarwa ko amfanarwa sai da abin da Allah ya rubuta. Imam Gazali ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u ga tsoro da fata, Ibnul Ƙayyim kuma ya yi bayanin matsayin tsoro a Madarijus Salikin. Taƙaitaccen abin da suka tafi a kai shi ne, tsoron Allah yana tura bawa zuwa gare Shi, kuma in ya cika zuciya sai tsoron waninsa ya rasa wurin zama.

Laifi Tudu Ne

Sai dai samun magani a littafi daban, isarsa ga majinyaci daban. A nan ne littafin Cooper ya zama madubi ga Musulmi. Talakan da ya kai kukansa cewa iska ta taɓa 'yarsa yakan gamu da ɗayan mutum biyu. Wani ya kore shi da kalmar shirka tun bai gama bayani ba. Wani kuma ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya tabbatar masa da cewa kishiya ce ko maƙwabci, ya yanka masa kuɗin turare da baƙin bunsuru. Na farko ya bar shi da tsoronsa, na biyu ya ƙara masa wani.

Tun tsakiyar shekarun 1990, lokacin da labarin aljana Sumbuka da 'yan matan makarantun Kano ya cika gari, ruƙiyya ta bunƙasa a matsayin madadin bori, littattafan malamin Masar Wahid Abdussalam Bali suka yaɗu, cibiyoyin maganin Musulunci suka yawaita. Asalin ruƙiyya halal ne. Hadisin Aufu ɗan Malik a Sahihu Muslim ya halatta ta matuƙar babu shirka a ciki. Amma sukar da aka yi wa wa'azin kuɓutarwa tana hawa kan wasu masu ruƙiyya ba tare da an canza harafi ba. Inda ake doguwar hira da aljani a gaban taro, ana tambayarsa wanda ya turo shi, ana karɓar maganarsa hujja a kan wata baiwar Allah, an bai wa maƙaryaci kujerar shaida. Inda ake dukan mai farfaɗiya ko mai taɓin hankali da sunan dukan aljani, an haɗa zalunci da jahilci. Yarinyar da ta ga an harbe mahaifinta tana bukatar azkar da ayoyin tsari, tana kuma bukatar likita da abinci da wurin kwana mai aminci. Suratu Ƙuraishin, wadda ta sauka game da mutanen da ke rayuwa da ayarin fatauci, ta haɗa ciyarwa daga yunwa da amintarwa daga tsoro a aya ɗaya, ta kuma sanya su dalilin kira zuwa ga bauta. Babu garin da ya fi garin bakin iyaka cancantar a karanta masa wannan sura da fahimta.

Magabatan wannan ƙasa sun bar misali. Shehu ya yi kakkausar suka ga yanka wa itatuwa da duwatsu da duba a Nurul Albab, amma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta fahimci cewa hani kaɗai ba ya raba mace da bori, domin a bori take samun magani da abokan kuka. Sai ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jajoji daga cikin dattijan mata suna kai karatu ƙauyuka, ta kuma rubuta Tabshirul Ikhwan a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Ta ɗauke wa mata abu, ta miƙa musu wanda ya fi shi.

Inda Littafin Ya Gaza

Littafin Cooper tarihin Kiristoci ne, don haka muryar malaman Musulunci a cikinsa ba ta kai ta fastoci da 'yan mishan ba. Mai karatun da bai san Musulunci ba zai fita daga littafin ya san yadda Musulmin Maraɗi suka yi fushi, ba tare da ya san abin da Gazali ko Shehu suka koyar game da tsoro ba. Haka kuma iyakar siyasa ta zama iyakar binciken, alhali wa'azin rediyo da majinyata da 'yan bori da masu ruƙiyya duk suna ratsa Magama ba tare da kwastan ya tare su ba. Sai an haɗa shi da littafin Shankar kafin hoton ya kusa cika. Shekarun da suka biyo bayan buga shi ma sun kawo abubuwan da ke bukatar sabon nazari, kamar ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a Janairu 2015, da kuma bala'in 'yan bindiga.

Game da ƙone-ƙonen nan, hukuncin shari'a a bayyane yake. Aya ta 40 ta Suratul Hajji ta ambaci majami'u cikin wuraren ibadar da ake karewa daga rushewa, aya ta 46 ta Ankabut ta iyakance jayayya da Ma'abota Littafi ga hanya mafi kyau. Ƙidayar Nijar ta 2012 ta nuna Musulmi sun haura kashi 99 cikin 100. Al'ummar da ke da irin wannan rinjaye, in ta ɗauki ashana saboda wa'azin rediyo, ta nuna cewa ita ma tsoro ke jan ta.

Kammalawa

Littafin ya cancanci a fassara muhimman babukansa zuwa Hausa, a kuma sanya shi cikin karatun kwatanta addinai tare da na Shankar da na Meyer. Ɗaliban da ke neman batun digiri na biyu suna da fili a tsakanin Jibiya da Maraɗi: wurin wa mai firgita ke fara zuwa, nawa yake kashewa, me ake gaya masa, kuma yaya yake bayan shekara. Sassan nazarin Musulunci na iya haɗa kai da likitocin ƙwaƙwalwa wajen horar da limamai su gane cutar da ke bukatar asibiti, majalisun malamai kuma su shimfiɗa ƙa'idojin ruƙiyya da za su hana duka da tuhumar bayin Allah da tsawwala kuɗi. Zakka da waƙafi suna da hakki a kan 'yan gudun hijirar da ke kwana a makarantu da kangaye. Babin tsoro da fata kuwa ya kamata ya sauko daga manyan littattafai zuwa karatun matan aure da huɗubar Juma'a, da Hausar da mai sauraro zai tafi da ita gida. Allah ne Mafi sani.